Ƙanƙara ko Ruwan Zafi? Sharhi Kan Jinyar Buguwa a Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar an kai amfanin gona gida, hunturu ya kankama, hawa dutse yakan ƙaru a kudancin Jigawa. Makiyaya suna bin awaki, masu itace suna neman busasshe, mafarauta sun fito da karnukansu, masu fasa dutse sun samu sarari. Ga kuma ɗalibai da ake kawowa Birnin Kudu kallon tsoffin zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun kiɗan da masanin tarihin nan Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar bincike a 1955. Haka abin yake a tuddan ƙasar Gwaram, musamman wajajen Fagam.

Lokacin ne kuma dutse ya fi kayar da mutum. Ƙurar hunturu mai laushi ce kamar gari, in ta kwanta a kan fa mai sulɓi sai ya ƙara santsi. Hazo yana rage gani. Sanyin safiya yana sa yatsu da tsoka su yi nauyin amsa kira. Mafi yawan masu hawan kuma silifas ne a ƙafarsu. Akasarin faɗuwar ba ta kai wa ga karaya. Buguwa ce, wato jini ya kwanta a cinya, ko ƙwauri, ko kwankwaso, ko haƙarƙari.

Wanda ya bugu yakan samu nasiha iri biyu. Ta gida ta ce a gasa da ruwan zafi, a murza da man zafi. Ta intanet, wadda yanzu ake fassarawa ana yaɗawa a Facebook da WhatsApp, ta ce a ɗora ƙanƙara. Kowane ɓangare yana yi wa ɗayan kallon wanda bai waye ba. Hujjojin bincike sun nuna kowace tana da rabin gaskiya, kuma dukkansu sun yi tarayya a kuskure guda: sun ruga neman kashe zafin ciwo, sun tsallake tambayar ko me ya lalace a ciki, da kuma ko yau kwana nawa da faɗuwar.

Me ke faruwa a ƙarƙashin fata?

Idan tsoka ta matsu tsakanin dutse da ƙashi, ƙananan jijiyoyin jini suna fashewa ba tare da fata ta yage ba. Jinin da ya tsiyaya ba shi da mafita, sai ya taru. Nan take jiki ya shiga aiki biyu: toshe wuraren da suka fashe, da turo fararen ƙwayoyin jini su share abin da ya mutu. Wannan aikin ne ke kawo kumburi da ɗumi da raɗaɗi. Kumburin nan yana da zafi, amma shi ne matakin farko na gyara.

Toshewar tana buƙatar lokaci. A kwana ɗaya zuwa uku na farko, daskararren jinin da ya rufe jijiyoyin bai yi ƙwari ba, abu kaɗan zai sake buɗe shi. Bayan nan jiki ya fara kwashe jinin da ya kwanta, yana farfasa sinadarin da ke sa jini ja zuwa wasu masu launin kore da rawaya. Buguwa ta yau da kullum takan baje cikin kamar mako biyu.

Rubuce-rubucen ƙasashen waje suna son koyar da karanta launi: ja, shuɗi, kore, rawaya. Wannan darasi ne da aka gina a kan farar fata. A baƙar fata, abin da za ka gani sau da yawa shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ma ba ka ga komai ba sai kumburi da tauri. Saboda haka rashin ganin tabo a jikin Bagwarame ba ya nufin jini bai kwanta ba. Hannu ya fi ido aiki a nan: taɓa wurin, ka gwada shi da ɗaya gefen.

Nasihar ƙanƙara: daga ina ta zo?

Tsarin da ake kira RICE, wanda ke nufin hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga gaɓa, wani likitan 'yan wasa ne a Amurka, Gabe Mirkin, ya raɗa masa suna a 1978. Ya yaɗu don yana da sauƙin haddacewa. Amma da aka zo auna shi, sai aka ga hujjar ƙanƙarar ba ta kai sunanta ba. A 2004, Chris Bleakley da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi a kan mutane, suka tarar mafi yawansu ba su da inganci, kuma ba su tabbatar da cewa ƙanƙara tana hanzarta warkewa ba. A 2014 shi kansa Mirkin ya rubuta cewa ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa. A 2019 wasu masana gashin ƙashi biyu a Kanada, Blaise Dubois da Jean-Francois Esculier, suka fito da sabon tsari da ya cire ƙanƙara gaba ɗaya, ya fi ba da ƙarfi ga kare gaɓar na 'yan kwanaki sannan a koma motsa ta a hankali.

Kada mu yi saurin tsallakawa ɗaya gefen. Yawancin hujjar cewa sanyi yana jinkirta gyaran tsoka daga gwajin ɓeraye ta fito. Abin da ya tabbata a kan mutane ɗan kaɗan ne, amma yana da amfani: sanyi yana sage jijiyar da ke kai saƙon ciwo, sai raɗaɗi ya ragu na ɗan lokaci. Ke nan matsayin ƙanƙara matsayin maganin raɗaɗi ne na wucin gadi. Masu fassara mana nasihar sun ɗauko ta a matsayin sharaɗin warkewa, ba su ɗauko muhawarar da ta biyo bayanta ba.

Sannan an rubuta nasihar ne don mai tafiya cikin dusar ƙanƙara, ko mai firij da wutar da ba ta ɗaukewa. Makiyayin da ya zame a tudun Fagam ina zai ga ƙanƙara? Abin takaici, wasu sukan ɗauka tunda babu ita, babu abin yi, alhali sassan tsarin da kowa ke iya yi, wato ɗauri da ɗaga ƙafa, suna hannunsa. Rawani ko ɗankwali ko majanyi zai yi aikin bandeji. In kuma sanyin ake so, tsumma da ruwan randa na safiyar hunturu ya wadatar, ko ledar fiya-wata mai sanyi a naɗe cikin ƙyalle, minti 10 zuwa 15, sannan a cire.

Babban giɓin nasihar shi ne sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a ƙasar. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, kuma yana daga cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Iyayen masu sikila sun san yadda hunturu yake musu. Shi ya sa likitoci ke hana su ɗora ƙanƙara a jiki. Duk rubutun Hausa da ya ce “a sa ƙanƙara” bai ware masu sikila ba, an kwafo shi ne ba a duba waɗanda za su karanta ba. Haka masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina jin taɓi: ba za su ji lokacin da sanyi ko zafi ya fara cin fata ba.

Nasihar gida: gashi da murza

Gashi da ruwan zafi ba shirme ba ne. Ɗumi yana buɗe jijiyoyin jini, yana sassauta tsoka, yana rage tauri. Bayan kwana biyu ko uku, idan kumburi ya daina ƙaruwa, tawul mai ɗumi yana sa mutum ya ji daɗin motsa gaɓar. Matsalar ita ce mukan yi shi a daren faɗuwar, daidai lokacin da jiki ke ƙoƙarin toshe jijiyoyin da suka fashe. Buɗe su a wannan lokacin ƙarin jini ne a wurin da tuni ya cika. Kuma a hunturu jarabar ta fi ƙarfi, don ruwan zafi yana kan murhu, jiki kuma yana neman ɗumi.

Murza ta fi gashin haɗari. Tunanin da ke bayanta shi ne “a watsa jinin kada ya daskare”. To, daskarewar ita ake so a ranakun farko. Danna tsokar da ta dagargaje da ƙarfi yana iya sake ɓalle jini. A babbar buguwar cinya akwai wata matsala da likitocin 'yan wasa suka sani sarai: bayan makonni, wani abu mai kama da ƙashi yakan tsiro a cikin tsokar, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Murza mai ƙarfi da gaggawar komawa aiki suna cikin abubuwan da ake dangantawa da ita.

Akwai dabarar da ta fi murza, kuma ba ta buƙatar ko sisi. A makarantar sojan ruwa ta Amurka, likita John Aronen da abokan aikinsa sun riƙa lanƙwasa gwiwar wanda ya bugu a gaban cinya sosai, kusan digiri 120, su ɗaure ta haka na awa 24. A rahotonsu na 2006 kan mutum 47, matsakaicin lokacin komawa cikakken wasa kwana uku da rabi ne. Binciken ƙarami ne, kuma an yi shi a kan matasa ƙarfafa, amma hikimarsa a fili take: miƙe tsokar yana matse wurin da jini zai taru. Sharaɗin shi ne a tabbatar ƙashi lafiya yake.

Sai batun tsaga da ƙaho a kan kumburi don “fitar da mataccen jini”. Jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata a rufe yake, ƙwayoyin cuta ba su da hanyar shiga. Aska tana buɗe musu ƙofa zuwa wurin da suka fi son zama. Buguwar da za ta baje da kanta sai ta koma ƙurji mai ruwa, ga haɗarin ciwon sarƙe-haƙora, da cututtukan da ke bin aska kamar ciwon hanta. Idan tarin jini ya yi girman da sai an zuƙe shi, aikin asibiti ne.

Man zafi: me yake yi?

Robb da Aboniki da ire-irensu suna ɗauke da sinadarai kamar mentol da kafur. A fatarmu akwai wasu ƙananan ƙofofi a bakin jijiyoyi masu jin sanyi da zafi. Mentol yana buɗe ƙofar sanyi ko da babu sanyi, kamar yadda barkono ke buɗe ta zafi ko da babu wuta. Gano waɗannan ƙofofi ne ya ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Abin da man zafi ke yi shi ne cika jijiya da wani saƙo, har saƙon ciwon ya ragu. Wannan sauƙi ne na gaske, ba yaudara ba, sai dai bai kwashe jinin ba, bai ɗinke tsokar ba. Illarsa takan zo ne daga murzar da ake haɗa shi da ita, ko shafa shi a kan fatar da ta ƙuje, ko shafawa sannan a ɗora gashi, wanda kan ƙona fata.

A shagon magani

A nan ne kuskure ya fi tsada. Mai ciwo yakan shiga kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ba shi ƙwayoyi kala-kala a leda, babu suna. Sau da yawa biyu ko uku daga ciki 'yan gida ɗaya ne: ibuprofen, diclofenac, piroxicam. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, yana ninka haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda. A hunturu haɗarin ƙodar ya fi, don iska busasshiya ce, mutum yana rasa ruwa amma ƙishirwa ba ta damunsa, sai ya wuni a kan dutse bai sha komai ba. Masu olsa, masu ciwon ƙoda, tsofaffi, da mata masu ciki su nisanci wannan dangi sai da izinin likita.

Asfirin kuma, da garin magani irin Alabukun da ke ɗauke da shi, yana raunana ƙwayoyin da ke toshe jini har kusan mako guda. Ba abin da za a bai wa mai sabuwar buguwa ba ne, kuma ba a bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16.

To me hujja ta goyi baya? A 2015 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 61 da suka ƙunshi mutum sama da 8,000, ta nuna cewa magungunan wannan dangi da ake shafawa, musamman man diclofenac, suna rage zafin targaɗe da buguwa sosai, kuma kaɗan ne ke shiga jini, don haka ba su cika taɓa ciki ba. A 2020 manyan ƙungiyoyin likitoci biyu na Amurka suka sanya na shafawar a matakin farko, suka kuma ba da shawarar kada a yi amfani da tramadol da danginsa a irin wannan rauni. Abin lura shi ne, al'adarmu ta shafa magani a kan ciwo ta dace da wannan sakamako; abin da ake shafawar ne da yadda ake shafa shi ke buƙatar gyara. A shafa a hankali, ba a murza ba, kuma ba a kan rauni buɗaɗɗe ba.

In ana son na sha, farasitamol ya isa ga mafi yawan buguwa: babba ya sha miligiram 500 zuwa 1,000, tazarar awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce miligiram 4,000 a awa 24. A duba kwalin maganin mura, don da yawansu suna ɗauke da shi, kuma wuce ƙima yana lalata hanta.

Tramadol kuwa, ban da jarabar da arewacin Najeriya ta riga ta ga ɓarnarta, yana da wata illa ta musamman ga mai hawa dutse. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, kuma yana ba mutum damar taka ƙafar da bai kamata a taka ba. Mai fasa dutsen da ya haɗiye shi don kada ya rasa kuɗin yini yana iya mayar da tsagewar ƙashi cikakkiyar karaya.

Tambayar da aka tsallake

Kafin ƙanƙara, kafin ruwan zafi, kafin ƙwaya: buguwa ce kawai? Zafin ciwo shi ne ɗan aiken da ke kawo amsar, kuma duka nasihohin biyu suna korar ɗan aiken kafin a ji saƙonsa.

Ga idon sawu akwai gwaji mai sauƙi da likitoci a Ottawa ta Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar a 1992. Idan mutum ba ya iya taku huɗu ko da da ɗingishi, ko kuma dannawa a kan ƙashin idon sawu ta baya ko a bakinsa yana sa shi zabura, ko a ƙashin gefen ƙafa na ɓangaren ƙaramin yatsa, to yana buƙatar hoton ƙashi. Maɗora suna da daraja a garuruwanmu kuma suna kusa da jama'a, amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. A yi hoton tukuna.

Waɗannan kuwa ba sa jiran gobe:

- Ƙwauri ko hannu ya kumbura ya yi tauri kamar icce, zafin yana ƙaruwa fiye da girman raunin, motsa yatsu yana tsananta shi, ko yatsun sun sage. Jini ne ya cika ɗakin tsoka har ya shaƙe hanyoyin jini. Awoyi kaɗan ke tsakanin ceto gaɓa da rasa ta. Ɗauri mai tsanani, na bandeji ko na karan ɗori, yana iya jawo hakan.
- Buguwa a haƙarƙarin hagu ko ciki, sannan jiri, gumi mai sanyi, ko ciwo a kafaɗar hagu. Saifa ce ake tsoro. A inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, saifar mutane da dama ta kumbura, kuma kumburarriyar saifa ta fi saurin fashewa.
- Jini a fitsari bayan buguwar baya ko kwiɓi.
- Wahalar numfashi bayan buguwar ƙirji.
- Buguwar kai da suma, amai, ruɗewa, barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa.
- Kowace babbar buguwa ga mai shan maganin tsinka jini, ko yaron da jini ke yawan kwanta masa ba tare da dalili ba.

Mutanen wannan yanki suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A irin waɗannan alamomi, lokacin da za a ɓata wajen dafa ruwan gashi gara a ɓata shi wajen neman mota.

Idan buguwa ce kawai

Kwana biyu zuwa uku na farko: a sauko daga dutsen, a rage aiki da gaɓar, a ɗaure daidai yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin, a sassauta in yatsu suka yi sanyi ko suka sage. In an kwanta a ɗaga ta sama da ƙirji. Tsumma mai sanyi ga mai so, ban da mai sikila. Babu gashi, babu murza, babu aska. In fata ta ƙuje, a wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, a tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar sarƙe-haƙora.

Daga kwana na uku: a fara motsa gaɓar a hankali, gwargwadon abin da ciwo ya bari, don dogon kwanciya yana sandarar da tsoka. Yanzu ne lokacin gashin, da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. In bayan mako biyu babu sauƙi, ko wani ƙullutu mai tauri ya fito a cikin tsoka, a je a duba.

Hausawa sun ce abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. A batun buguwa, ruwan ma ba shi ke dafawa ba. Jiki ne ke gyara kansa, namu shi ne kada mu ɓata masa aiki, mu kuma gane ranar da abin ya fi ƙarfinsa. Malamin da zai kai ɗalibai Dutsen Mesa a wannan hunturu ya sa bandeji da ruwan sha a jaka, ya hana hawa da silifas, ya kuma tambaya tun daga makaranta ko akwai mai sikila a cikinsu. Masu fassara nasihar lafiya zuwa Hausa kuma, kafin su danna “aika”, su duba shekarar da aka rubuta ta, da irin jikin da aka rubuta ta dominsa.